Ɗakin Yaya Chundung

Litinin, 8 ga Satumba

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba. Na jira Yaya Chundung ta fita aiki, na leƙa ta taga har na ga ta shiga bas, sannan na ɗauko tef na shiga ɗakinta na auna. Daga ƙofa zuwa taga, daga bango zuwa hita. Gadon jariri biyu za su shiga idan aka fitar da wardrobe ɗinta. Idan aka fitar da ita kenan.

A bayan takardar awon cikina ta asibiti na rubuta. Ɗakin sai warin man zafin da take shafa wa gwiwa. Baibul ɗinta a buɗe a kan filo. Ban taɓa komai ba, amma sau biyu ina komawa in duba ko na bar alama.

Sati ashirin yau. Mace da namiji, in ji mai scan.

Alhamis, 11 ga Satumba

Masawudu ya dawo daga tuƙin bas, ko takalmi bai cire ba ya ce, "Ka gaya mishi?" Shekara uku da aurenmu, har yanzu Hausarsa ta zangon Kumasi ba ta raba mace da namiji. Da dariya abin yake ba ni. Yau haushi ya ba ni.

Na ce ban samu fuska ba. Ya ce, "Safura, yara ba su jiran kunyarka. In lokaci ya yi fitowa za su yi."

Shi abin da sauƙi a wajensa. Ba shi aka tsinta ba. Shekara bakwai da suka wuce, a ƙasan falon wasu mutane nake kwana a Peckham, ban san kowa ba a garin nan. A care home, gidan kula da tsofaffi, muka haɗu da ita wajen aiki. Ta ji ina waya da Hausa a bayan kicin, ta tsaya ta ce, "Ke 'yar ina ce?" Na ce Kaduna. Ta ce ita Jos. Sati biyu bayan nan ta ɗauko akwatina da kanta ta kawo ni flat ɗin nan na Lewisham. Da na yi aure ita ta kwashe kayanta daga babban ɗaki ta koma ƙaramin, ta ce amarya ba ta zama a sito.

Yanzu siton ma nake so.

Asabar, 20 ga Satumba

Mun je Croydon ɗauko pram, keken tura jarirai na 'yan biyu, wajen wata mata da nata suka girma. A hoto bai kai haka faɗi ba. A tram, jirgin ƙasan cikin gari, sai da mutane suka matsa mana, wani tsoho yana ta yi wa Masawudu murna. Da muka iso gida sai matakala ta ƙi shi. Hawa na uku muke, ba lift. Masawudu ya juya shi ta gefe, ya juya shi ta kai, gumi har cikin ido. Yaya Chundung ta sauko da silifas tana dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Suruki, mota ka sayo ko keke?" Ita ta gano inda ake dannawa ya naɗe. Ita ta kama gaba suka hau da shi.

Yanzu yana falo tsakanin talabijin da katan-katan na pampas. Ba wurin shimfiɗa darduma sai an ja tebur. Kowa yana kallon kayan nan, ba mai cewa ina za a kai su.

Talata, 23 ga Satumba

Na zauna na tashi na zauna. Ƙafata ta kumbura. Na rubuta abin da ya rage: kwalaben madara, abin dafa su, tawul, baho, hula ƙanana, safa, car seat biyu. Komai biyu. Na yaga na sake rubutawa don rubutun farko ya karkace.

Ba abin da yake zama a cikina sai gwaten accan da take yi mini. Yau ma ta bar shi a tukunya da takarda a kai: "Maman biyu, ki cinye duka." Na cinye. Sannan na sake duba awon ɗakinta.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Ta gani.

Ta dawo daga coci da rana, ina kwance a kujera bayana yana ciwo. Na ce ta miƙo mini takardar awo a jakata in duba ranar komawa. Ni da bakina. Ta ciro, ta juya bayan takardar, ta tsaya. Na ma rubuta "ɗakin C." a sama, har da zanen inda kowane gado zai zauna.

Ta daɗe tana kallo. Sai ta miƙo mini ta ce, "Kin manta bayan ƙofa. Akwai lungu a wajen, akwati yana shiga."

Na ce, "Yaya..."

Ta ce, "Tina ta cocinmu tana da ɗaki a saman gidanta a Croydon. Tun ranar da kika ce mini biyu ne na yi mata magana. Jira nake ki buɗe baki."

Ban buɗe ba. Ko a lokacin ma ban buɗe ba. Ta cire ɗankwalin coci ta ninke shi a hankali, ta shiga ɗaki ta rufe.

Litinin, 6 ga Oktoba

Masawudu ya ce ai shi ke nan, an huta. Na kusa jifansa da kofi.

Juma'a, 17 ga Oktoba

An hana Umma biza. Wai ba su gamsu za ta koma ba. Umma da ko Abuja ta je kwana uku sai ta fara cigiyar awakinta.

Ta kira tana lallashina, ni ya kamata in lallashe ta. Ta ce ta ba wata Anatu mai zuwa London saƙo: garin kunu, kanwa, yajin jego, zanen goyo huɗu. "To wa zai dafa miki ruwan wanka? Wa zai gasa miki jiki?" Na ce a nan famfo ne yake dafa ruwa, Umma. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Alhamdu lillahi tunda yayarki tana nan gidan." Na ce eh. Ban san me ya sa na ce eh ba.

A gidan kuwa gaisuwa ce kawai. Ina kwana, lafiya lau. Gwate yana nan a tukunya kullum, takardar ce babu.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ta tashi. Wani Godwin ɗan cocinsu ya zo da van da hantsi. Shi da Masawudu suka yi ta hawa da sauka. Ban san kayanta ba su da yawa haka ba. Shekara goma sha ɗaya a gidan nan, sahu shida suka kwashe.

Ni ina kicin ina wanke tukwanen da suke a wanke. Ta leƙo da jakarta a kafaɗa ta ce, "To, Maman biyu, sai mun yi waya. Ki daina tsayuwa da yawa." Na ce Allah ya sa alheri, kamar wadda ake sallama a tasha. Ta dubi cikina, ba ta dubi fuskata ba.

Da suka tafi na shiga ɗakin. Ƙarami ne da, yanzu ya ƙara ƙanƙancewa, ban san yadda aka yi ba. Inda kalandarta take ya bar fari a bango.

Laraba, 12 ga Nuwamba

An yi fenti. Ruwan ƙwai na zaɓa, da ya bushe sai ya koma kamar kwastad. Na sa Masawudu ya sake shafawa. Gadajen sun ci masa yini guda. Ya gama na biyu sai ga noti uku a hannunsa bai san inda suka fito ba. Ya ce, "Extra ne." Na ce ba ɗana da zai kwanta a kan extra. Ya warware ya sake ɗaurawa, yana waƙar zango ƙasa-ƙasa don kada ya yi mini magana.

Na wanke kayan duka na goge, har safa. Na jera na mace a hagu, na namiji a dama. Sai na ga gara a jera bisa girma. Na sauke na sake. Da la'asar na koma tsarin farko.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Labulen ya fi tagar tsawo da ɗan yatsa biyu. Na hau kujera na sauke shi. Masawudu ya shigo ya gan ni a sama, ya yi salati da ƙarfi har maƙwabciya ta buga bango.

Na rubuta mata saƙo, "Yaya ya sabon wuri?" Na goge. Na rubuta, "An gama ɗakin." Wannan ma na goge, wace irin magana ce wannan.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Ajin masu ciki yau a asibiti, na iyayen 'yan biyu. Mu takwas. Midwife ɗin tana nuna yadda ake kwantar da jariri da 'yar tsana, sai ta ce wata shidan farko a ɗakin iyaye ya kamata su riƙa kwana, kusa da gadon uwa. Na ɗaga hannu na ce to idan an riga an shirya musu ɗakinsu fa? Ta yi murmushi ta ce ɗakin zai jira su. Ta ce da farko ma gado ɗaya ya ishe su su biyun.

Wata shida. Daga Janairu zuwa Yuli.

Masawudu ya kalle ni, na kalli 'yar tsanar. Da muka sauka daga bas a Lewisham ya ce, "Ba mu sani ba ne." Na ce da na tambaya da na sani. Da na yi magana da ita ma da ta gaya mini, ita da ta yi renon 'ya'yan rabin cocinsu.

Na tsaya a ƙofar ɗakin. Ga gado biyu, ga labule daidai taga, ga safa a jere. Ba kowa.

Talata, 25 ga Nuwamba

Daga gadon asibiti nake rubutu.

Tun da safe na hagu a cikina bai motsa ba. Na dama tana ta harbi kamar kullum, shi shiru. Na sha ruwan sanyi, na kwanta ta gefe, na danna. Shiru. Wayar Masawudu a kashe, yana kan hanya da fasinja. Na buɗe sunan Yaya Chundung, na san ranar hutunta ce, yatsana yana kai. Sai na ce da wane ido? Na kore ta, yanzu kuma in kira ta don ina da bukata?

Na sa hijabi na sauka matakalar nan ni kaɗai ina riƙe da ƙarfe, na hau bas. Duk addu'ar da na iya na karanta, wasu na haɗa farkon wata da ƙarshen wata.

Da suka ɗaura mini bel ɗin nan a ciki, sai da aka ɗan nema. Ban taɓa jin daƙiƙa mai tsawo irin wannan ba. Sai ga shi, bugu biyu, ɗaya yana bin ɗaya. Na fashe da kuka har nas ɗin ta riƙe mini hannu. Lafiyarsa ƙalau, ya juya ne ya ɓuya a bayan 'yar'uwarsa. Amma jinina ya hau sosai. Za su riƙe ni kwana biyu. Likita ta tambaya ko ina aikin wahala a gida. Masawudu da ya iso a guje da rigar aiki ya ce, "Yana hawa kujera."

Laraba, 26 ga Nuwamba

Ta zo da azahar. Masawudu ne ya gaya mata. Tun daga bakin ward na ji takunta. Ta ja labule ta ajiye kula a kan tebur da ƙarfi.

"Bas kika hau."

Na ce eh.

"Ke kaɗai. Da cikin wata bakwai, yaro ba ya motsi. Ina zaune ina kallon bango a Croydon."

Na ce kunya na ji. Ta ce, "Kunya. Da wani abu ya same ki a matakala, kunyar ce za ta ɗauke ki?" Matar gadon kusa ta rage ƙarar wayarta. Ta ce, "Kin ɗauka ɗakin ne ya dame ni? Ni yarinya ce? Mutum huɗu da ni ta biyar a flat ɗin nan, ai ko ba a faɗa ba. Abin da ya ci mini rai, shekara bakwai muna ci a kwano ɗaya, ki jira in fita ki shiga da tef. Kamar ni landlord ce."

Ta buɗe kular ta zuba mini, ta tsaya a kaina har na cinye. Sannan ta gyara mini filo da ƙarfi kamar filon ne ya yi mata laifi, ta tafi.

Asabar, 6 ga Disamba

An ce in huta, amma na matsa wa Masawudu ya aro motar abokinsa ya kai ni Croydon. Ya zauna a mota ya ce wannan tsakaninmu ne.

Ɗakin a saman bene yake, rufin ya karkata ta gefe ɗaya, sai an sunkuya. Amma akwai 'yar murhu, akwai taga babba mai kallon layin tram. Ta sa furanni a gwangwani. Waƙar coci tana tashi da yarensu, da ƙarfi, ban taɓa jin ta sa waƙa haka ba.

Na zauna a bakin gado, na faɗi abin da na yi ta maimaitawa a mota, duk ya rikice. Na ce ki yafe ni Yaya. Na ce tsoro na ji kada ki ce na ci amana, sai na je na yi abin da ya fi. Ta ce, "Na yafe tun a van. Amma ina so in ji da kunnena." Sai na gaya mata zancen wata shida. Na ce ɗakin yana nan, a fitar da gado ɗaya, ki dawo.

Ta yi dariya har da tafi. Sannan ta ce a'a.

Na ɗauka fushi ne. Ta ce, "Safura, kin san tun da kika yi aure ban sa waƙa ba sai da abin kunne? Kada in dami suruki yana salla. Ban soya abin da nake so ba, ban kawo baƙi ba. Ba ku hana ni ba, ni na hana kaina. A nan in na ga dama da ɗaurin ƙirji nake yini." Ta ce ta gode, amma ta ɗanɗana zaman kanta.

Shekara uku, ban taɓa lura ba. Ina ta ganin ni ce mai haƙuri da zama da mutum a gidan aurena.

Ta rako ni har mota tana riƙe da gwiwar hannuna. Ta ce wa Masawudu, "In ta sake hawa kujera ka kira ni."

Litinin, 22 ga Disamba

Saƙon Umma ya iso, kanwar ta fashe a cikin zannuwa. An dawo da gado ɗaya ɗakinmu, yanzu sai a karkace ake wucewa. Jakar asibiti na zuge ta na buɗe ya fi sau goma. Ba na iya zama, ba na iya tsayuwa, ba na iya kwanciya. An sa ranar haihuwa biyar ga Janairu.

Laraba, 31 ga Disamba

Ba su jira ba. Litinin da hantsi, aiki aka yi. Hassana ce ta fara fitowa, Husaini bayanta da minti biyu. Ƙanana kamar 'yan mage, hulunan da na saya duk sun yi musu yawa. Alhamdu lillah. Masawudu ya yi musu kiran salla a kunne yana kuka, ya ce wa nas, "Wannan macen ya yi kama da uwata."

Juma'a, 16 ga Janairu

Masawudu ya koma aiki shekaranjiya. Jiya na yi ƙoƙari. Yau da hantsi suka haɗa baki da kuka su biyun. In na sa wannan a nono wancan ya ɗauka, ɗinkin yana ja na, madara ta zube a kafet, ban yi wanka ba, ban karya ba. Na zauna a ƙasa tsakaninsu. Sai na ɗauki waya. Ban tsaya shirya magana ba. Na ce, "Yaya, na kasa."

Ta ce, "Sa ruwa a wuta."

Cikin awa ɗaya ta iso. Ta goya Husaini da zanen Umma, ta rungumi Hassana, ta tura ni banɗaki. Ta dama kunun kanwa, ya yi ruwa-ruwa, ta ce ita ba Bahaushiya ba ce, in sha haka nan. Na sha kofi biyu. Ta kira Umma a bidiyo suna ta gardama a kan yadda ake gasa cibiya, har na ji Umma tana cewa, "Ashe kin tashi? Ja'irar ba ta gaya mini ba." Ban ji amsar da ta ba ta ba, barci ya ɗauke ni.

Sai la'asar na farka. Ta tafi da Masawudu ya dawo, ta ce Talata za ta zo, in kuma abin ya yi yawa kafin nan in kira. Na ce to. Kuma ina jin zan kira ɗin.

Na shiga ƙaramin ɗaki ɗauko pampas, na tarar ta kwashe wanki ta zuba a drowa yadda ta ga dama. Rigar Hassana a cikin na Husaini, safa ba wadda ta sami 'yar'uwarta, tawul a cikin gadon da ba kowa. Na tsaya ina kallo.

Na ɗauki pampas ɗin na ja ƙofa. Gajiya ce kawai, ina jin.